Tukunyar fulawa mai shayar da kanta: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara ajiye fulawoyi a falo da baranda, kusan duk baƙuwar da ta ga tukwanen nan masu tankin ruwa a gindi sai ta tsaya ta yi tambaya. Wasu sun saya, shukar ta mutu a hannunsu cikin wata biyu, suka ce tukunyar ce ba ta da kyau. Wasu kuma suna son saye amma tsoron sauro ya hana su. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su da abin da na gani da idona da abin da na koya bayan na yi asarar shuke-shuken da nake ƙauna.

Wai yaya tukunya za ta shayar da kanta?

Duk wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai ya riga ya san sirrin. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani ne ke jawo man a hankali gwargwadon yadda wutar ke ci. To haka tukunyar take. Hawa biyu gare ta: na sama yana ɗauke da ƙasa da saiwoyi, na ƙasa tanki ne na ruwa. Abin da ya haɗa su ko dai igiya ce da ke reto cikin ruwan, ko kuwa wasu ƙafafu masu huji da aka cika da ƙasa, suna tsome a ciki. Ruwa yana bin ƙananan kafofin da ke tsakanin zare ko ƙwayoyin ƙasa ya hau, kamar yadda bakin zane ke jiƙa har sama idan ya taɓa ruwan wanki. Shuka ta sha, ganye ya fitar da tururi, ƙasa ta ɗan bushe, sai ta ƙara jawo wani.

Yawancinsu suna da bututu a gefe inda ake zuba ruwa, da wani ɗan tsinke da ke yawo a kan ruwa yana nuna ko tanki ya cika ko ya kusa ƙarewa. Tsakanin saman ruwan da gindin ƙasar akwai ɗan sarari na iska. Wannan sararin shi ne ran tukunyar, za mu dawo kansa.

Sabuwar dabara ce ta Turawa?

Robar da tsinken ne sababbi. Binne tulun ƙasa kusa da shuka a cika shi da ruwa ya riƙa tsattsafowa, manoman ƙasar Sin sun rubuta bayaninsa fiye da shekara 2000 da suka wuce. Mu ma mun san yadda gindin randa ba ya rabuwa da laima, har ka ga ɗan tsiro ya fito a wurin ba wanda ya shuka shi. Kuma mai noman fadama ya fi kowa gane ta, domin a fadama ma ruwa daga ƙasa yake tasowa ya sami saiwa. Ni haka nake ɗaukar tukunyar nan: ƙaramar fadama ce a cikin ɗaki.

Kowace shuka ce za ta yi a ciki?

A'a, kuma nan ne asarar farko take faruwa. Tunda mun ce fadama ce, sai ki tambayi kanki: wannan shukar ta fadama ce ko ta tudu?

Na fadama su ne masu son ƙasa ta zauna da laima kullum. Fis lili, mai koren ganye da farin fure kamar cokali, wadda ke langaɓewa da zarar ta ji ƙishi, ita ce ta fi kowa jin daɗin wannan tukunya. Haka dangin fan masu ganye kamar gashin tsuntsu, da kalatiya mai zanen ganye, da potos mai yaɗo. Bayolet ɗin Afirka, wadda asalinta duwatsun Tanzaniya ne, ganyenta gashi gare shi, ruwan sanyi in ya zuba masa sai ya yi tabo, shi ya sa masu renonta suka daɗe suna shayar da ita da lagwani. A ɓangaren kicin kuma na'a-na'a da ɗoɗɗoya suna yin kyau ƙwarai, tumatir da barkono ma haka in tukunyar babba ce kuma suna samun rana.

Na tudu kuwa su ne masu taskance ruwa a jikinsu: kaktus, alobera, ƙerana, kariya mai kaurin gindi da jan fure, da moɗa mai tsayayyen ganye kamar takobi. Waɗannan Allah ya halicce su su sha su ƙoshi, sannan su yi makonni ƙasarsu a bushe ƙayau. In aka sa gindinsu cikin laimar da ba ta yankewa, ruɓewa suke yi daga ƙasa, ganye na sheƙi a sama ba ki sani ba. Ana iya renonsu a irin wannan tukunya idan tsakuwa zalla aka zuba maimakon ƙasa kuma ana barin tanki fayau na tsawon lokaci, amma ga mai farawa ban ba da shawara ba. Tukunyar yumɓu mai huji a gindi ta fi musu.

Na dasa shuka, na cika tanki, amma ruwan ko motsi bai yi ba, ita kuma tana yaushi. Me ya faru?

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Busasshen lagwani da busasshiyar ƙasa ba sa jawo komai. Kafin dashe a jiƙa igiyar sharkaf, a tabbatar ta shiga cikin ƙasar aƙalla zuwa kashi 1 cikin 3 na zurfinta, ba wai ta kwanta a gindi kawai ba. Bayan dashe a yi ban ruwa ta sama har ƙasar ta jiƙu ko'ina.

Sannan sabuwar shuka saiwoyinta gajeru ne, ba su kai inda laimar take ba. Kamfanin Lechuza na Jamus, wanda tukwanensa suka yi suna a wannan fanni, yana ba da shawarar a ci gaba da shayarwa ta sama har kimanin mako 12 kafin a dogara da tanki. Ƙaramar shuka a ƙaramar tukunya takan kama tun kafin haka. Gwajin mai sauƙi ne: zuba ruwa rabin tanki, ki sa ido kwana biyu zuwa uku. In tsinken ya sauka, saiwa ta fara sha. In bai sauka ba, koma ban ruwa ta sama.

Kwana nawa-nawa zan riƙa cika tankin?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan na yi babbar asarata.

Ina da wata fis lili da na rena shekara biyu, har ta cika tukunya ta fara 'ya'ya a gefe. Na mayar da ita tukunya mai tanki cikin bazara, ta kuwa yi kyau, ganye ya yi shar. Sai na ɗauki al'ada: kullum da safe bayan na share baranda, in na ga tsinken ya ɗan sauka sai in ƙara ruwa ya koma sama. A watan Afrilu hakan bai yi mata komai ba, zafi na shanye ruwan. Da damina ta kankama, Agusta ta shigo, sai na ga ganyen ƙasa na zama ruwan ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, shukar kuma ta langaɓe kamar mai jin ƙishi alhali tanki a cike yake. Ranar da na zazzage ta a kan buhu, wari ne ya fara tarbata, irin na kwata. Saiwoyin da na sani farare masu ƙarfi sun koma baƙi-baƙi, in na ja sai fatar ta saɓule ta bar zare siriri a hannuna. Cikin ɗauri biyar, ɗaya kawai na ceto. Har yau in na tuna abin yana yi mini ciwo, don kulawa ce ta kashe ta, ba sakaci ba.

Saiwa numfashi take yi. Tana buƙatar iska a cikin ƙasa kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan ƙasa ta zauna jagab mako da makonni, iskar ta ƙare, saiwa ta shaƙe, ƙwayoyin cuta masu son ruwa su afka mata. Da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, shi ya sa shukar ke yaushi a cikin ruwa, mai ita kuma ta ga yaushi ta ƙara ruwa.

Saboda haka ba kwana ake ƙirgawa ba. A cika tanki, a bar shi ya ƙare ƙarƙaf, sannan a jira. Jiran kan kama daga kwana 2 zuwa 10, ya danganta da shukar da yanayi. Ki tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu: in kin ji sanyin laima, ba lokaci ba ne, ko da tsinken na kwance a ƙasa. Ki ɗaga tukunyar ki ji nauyinta. Hannu na saurin koyon bambancin jiƙaƙƙiya da busasshiya. A bazara jiran na iya zama yini ɗaya kawai. A tsakiyar damina, musamman a ɗakin da ba haske sosai, yakan wuce mako. A hunturu iska na bushewa ƙwarai, ruwa na tafiya da sauri ta ganye, amma sanyin dare na rage girman wasu shuke-shuken, don haka yatsan ne dai alƙali.

Wace irin ƙasa zan zuba? Ta bayan gida ba za ta yi ba?

Ba za ta yi ba. Ƙasar gona, balle mai laka, in ta shiga tukunya dunƙulewa take yi ta toshe iska, kuma da yake ruwa na hawa ba ƙaƙƙautawa sai ta zama taɓo. Rairayi zalla kuma ba ya riƙe komai. Abin da ake so shi ne haɗi mara nauyi, mai kafofi, wanda in kin damƙa a jiƙe zai dunƙule, in kin taɓa shi da yatsa ya warwatse.

Wanda nake yi: kashi 2 na ɓawon kwakwa da aka niƙa, ko ruɓaɓɓen ganye da ya zama baƙar ƙasa, kashi 1 na falayit, wato fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake sayarwa wurin masu fulawa, da kashi 1 na abu mai gauri. In babu falayit, ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi yana yin aikin, haka gutsattsarin gawayi da na jan bulo da aka farfasa kamar girman wake aka wanke ƙurarsu. Ɓawon kwakwa a jiƙa shi a ɗauraye kafin amfani, wani yana zuwa da gishiri. Takin dabbobi kuwa sai wanda ya ruɓe sosai ya daina wari, shi ma kaɗan.

Kada a danna ƙasar da ƙarfi. Kada kuma a sa ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya don wai ta sami wurin girma. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba jiƙewa kawai take yi ta yi tsami.

Ba zai tara mini sauro a ɗaki ba?

Zai iya, kuma ban ɗauki wannan da wasa ba. Sauron Edis, mai ɗigon fari a ƙafa wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, ya fi son ruwa mai tsabta da ke cikin mazubi, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Akwai kuma wani nau'in sauron maleriya, Anopheles stephensi, ɗan asalin kudancin Asiya da yankin Larabawa, wanda aka gani a Jibuti a 2012, aka kuma gano shi a Najeriya a 2020. Shi ma a tankuna da mazubai yake hayayyafa.

Maganin shi ne kada uwar ta sami ƙofa. A rufe bakin bututu da murfinsa, in ba shi da murfi a ɗaura masa ƙyallen tsohon gidan sauro da roba. Hujin gefe da rarar ruwa ke fita shi ma a liƙa masa ƙyallen. Irin tukunyar da ke da buɗaɗɗen baki a gindi, wadda kike hango ruwan da ido, ita ce mai hatsari. A toshe da soso ko raga. Barin tanki ya ƙafe tsakanin cikawa da cikawa yana kashe tsutsar da ke ciki, amma ƙwan Edis yana jure bushewa na watanni a jikin bango, don haka in ana iya cire tankin a riƙa goge shi da soso. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai ko maganin feshi a ruwan, shukar za ta sha.

Wane ruwa ya fi?

Ruwan sama ya fi kowanne. Na famfo ma ya yi. In yana warin kulorin a bar shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishiri, ina tara shi don kalatiya, wadda bakin ganyenta ke ƙonewa da ruwa mai nauyi. Ruwan wanke-wanke da na wanki ba sa shiga tanki. Ruwan shinkafa da ake yawan yabawa, a tukunya mai tanki tsami yake yi cikin kwana biyu.

Wani farin abu kamar kanwa ya fito a saman ƙasa da bakin tukunya. Cuta ce?

Gishiri ne. A tukunyar da aka saba, ruwa daga sama yake sauka ya wanke gishirin ya fita ta huji. A nan akasin haka ne: ruwa na hawa, ya bushe a sama, ya bar duk abin da ya ɗauko. In ruwan rijiyar burtsatse mai nauyi kike amfani da shi, ko kina yawan sa taki, zai fi saurin fitowa. Idan ya taru yakan ƙona saiwa, bakin ganye ya yi ƙasa-ƙasa ya bushe.

A kankare saman ƙasar da cokali a zubar, a maye da sabuwa. Duk bayan wata 2 ko 3 a fitar da hawan sama mai ɗauke da ƙasar waje, a kwarara mata ruwa mai kyau ta sama har ya riƙa zuba ta gindi sosai, a bar ta ta tsane, a zubar da abin da ya taru a tanki. In abin fari mai laushi ne kamar auduga, ba ɓawo mai ƙarfi ba, to fumfuna ce, alamar ƙasa ta cika laima kuma iska ba ta ratsa ɗakin.

Taki fa, a tanki zan zuba?

Na ruwa kaɗai, kuma rabin abin da aka rubuta a kwalba ko ƙasa da haka, lokacin da shukar ke fitar da sabon ganye. Takin zamani na gona irin NPK 15-15-15 ya yi wa tukunyar ɗaki ƙarfi. Ɗan abin da yatsa uku suka ɗiba, in aka sa a tanki, ya isa ya ƙona saiwa. Shukar da ba ta da lafiya ko wadda aka dasa jiya ba a ba ta taki.

Ruwan tankin yana wari, ya kuma yi kore.

Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai ƙasa da matattun saiwoyi sun zuba ciki, ko an sa taki mai ruɓa, ko ruwan ya daɗe ba a shanye ba. A zubar, a wanke, a duba saiwa. Koren kuwa gansakuka ce, haske ne ke kawo ta. Tankin da ake gani ta cikinsa a naɗe shi da baƙar leda ko a shafa masa fenti.

Saiwa ta ruɓe. Akwai sauran dabara?

In gindin shukar bai yi laushi ba, akwai. A zazzage ta, a wanke saiwoyin, a yanke duk mai baƙi da laushi da almakashi mai tsabta har sai an kai ga fari mai ƙarfi. A rage ganye gwargwadon saiwar da aka rasa, don abin da ya rage ba zai iya ciyar da su duka ba. A zubar da tsohuwar ƙasa gaba ɗaya, a wanke tukunya da sabulu, a dasa cikin sabon haɗi, a ajiye a inuwa mai haske. Tanki ya zauna fayau har sai sabon ganye ya leƙo. Potos in ta lalace, a yanko reshe mai gaɓa a tsoma a kofin ruwa, cikin mako biyu zuwa uku za ki ga farar saiwa.

Wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi daga ƙasar in na taɓa tukunya.

Tsutsarsu a saman ƙasa mai laima take rayuwa. A tukunya mai tanki da ke aiki daidai, saman ƙasa a bushe ya kamata ya kasance, don haka ganinsu na nuna haɗin ya yi nauyi ko ana ƙara ruwa ta sama. A bar saman ya bushe, a shimfiɗa tsakuwa ƙanana kaurin yatsa. A hunturu kuma a riƙa leƙa bayan ganye: in akwai ɗigo-ɗigo da siririyar yana, ƙwarin busasshiyar iska ne. A goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, dama ƙurar hunturu na toshe shi, sannan a fesa man darbejiya kaɗan da aka kaɗa da ɗigon sabulu, da yamma ba cikin rana ba.

Zan iya haɗa tawa a gida?

Sosai, kuma da ita nake so kowa ya fara. Samo gorar ruwa ta roba mai lita 1.5, a yanka ta biyu. A huda murfin da ƙusa mai zafi, a zura igiya ta fito ta ɓangare biyu. A kifa rabin sama cikin rabin ƙasa kamar mazurari, a zuba haɗin ƙasa, a dasa na'a-na'a. A jikin rabin ƙasan a yi ɗan huji ƙasa kaɗan da inda ƙasar ta tsaya, domin ruwa ya zube kafin ya taɓa ta. Hujin nan shi ke tsare sararin iskar da na ambata da farko.

Don babbar shuka, bokitin fenti biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Igiyar ta zama ta nailan ko zaren saƙa na roba. Ta auduga tana jan ruwa da kyau amma ruɓewa take yi cikin 'yan watanni. Kuma a sani ruwa ba ya hawa can sama: in zurfin ƙasa ya wuce kamar santimita 30, saman ba zai ga laima ba.

Zan ajiye ta a waje da damina?

Sai in tana da hujin fitar da rara, kuma a buɗe yake. Tukwanen da aka yi don cikin ɗaki da yawa ba su da shi, wasu kuma toshe gare su a gindi da ake cirewa in za a kai su waje. Ruwan dare ɗaya ya isa ya cika tanki ya haura cikin ƙasa. A bazara kuma baƙar tukunyar roba a rana tana dafa saiwa, a matsar da ita inuwa.

Ina da yara ƙanana, akwai abin tsoro?

Fis lili da potos suna da wani sinadari a ganye mai ƙona baki da kumbura harshe in an tauna. Kariya kuwa guba ce sosai, ƙaronta ma kada ya taɓa ido. A ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa, a kuma rufe bututun, don yara na son cusa masa tsakuwa da alewa.

Zan tafi aikin Hajji, ko ganin gida na wata guda. Tankin zai kai?

Na mako ɗaya zuwa biyu, yawanci zai kai. Na kwana 30 ko 40 kuwa kada ki dogara da shi sai kin gwada. Tun saura wata guda ki cika tanki, ki rubuta ranar, ki ga kwana nawa yake ɗauka kafin ya ƙare, ki ƙara kwanakin da ƙasar ke yi kafin ta bushe. Wannan shi ne iyakar tafiyar da shukar za ta jure. Kafin ki fita ki janye tukwanen daga bakin taga zuwa inda haske yake ba rana, ki tara su wuri ɗaya, ki cire fure da tsofaffin ganye, kada ki sa taki. Kada ki kulle su a ɗaki mai duhu.

Wadda za ki bar wa amana, ki nuna mata bututun da hannunki, ki auna mata yawan ruwan da kofi, ki faɗa mata ranakun da za ta zo. Ki roƙe ta musamman kada ta zuba ta sama, kada kuma ta ƙara in ta tarar da sauran ruwa a tanki.